Risala a kan Farauta da Babbar Bindigar Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, in ji bawa matalauci mai bukatar rahamar Ubangijinsa: wani daga cikin almajiraina da neman abinci ya kai shi ƙasar Amurka ya aiko mini da takarda. Ya ce mutanen garin da yake zaune sukan fita dawa idan sanyi ya shigo, suna harbin barewa, kuma wasunsu ba su ɗaukar doguwar bindiga, sai bindigar hannu mai faɗin baki, wadda muke kira libarba. Ya ce sun neme shi ya bi su. Yana tambaya: shin wannan makami ya isa ya kashe babbar dabba? Shin ya dace da ƙarama? Shin abin da ya kashe ana ci? To, na tara masa amsa cikin wannan risala, na kasa ta fasali shida, domin ta amfane shi da wanda ke cikin hali irin nasa. Ga Allah nake neman dacewa.

Fasali na farko, cikin bayanin makamin da asalinsa

Ka sani, ya ɗan'uwa, libarba gajerar bindiga ce, ba ta da ƙotar da ake dogarawa ga kafaɗa. A tsakiyarta akwai ganga mai juyawa, mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa. Samuel Colt ne ya karɓi takardar mallakar ƙirarta a Amurka cikin shekara ta 1836. Da fari ba domin farauta aka yi ta ba, makamin mahayin doki ce da mai tsaron kai.

Kuma lambobin da kake ji ana kiran harsashi da su, kamar 22 da 357 da 44, awon faɗinsa ne bisa inci. Mai lamba 22 faɗinsa bai kai milimita 6 ba. Mai 357 milimita 9 ne. Mai 44 ya kusa milimita 11. Mai 500 rabin inci ne cif, wato ya kusa milimita 13. Kalmar Magnum da suke liƙa wa lambar, ma'anarta an tsawaita kwanson, an ƙara masa albarushi.

Farkon al'amarin cikin shekara ta 1935 ne, sa'ad da kamfanin Smith & Wesson ya fito da 357 Magnum. Ɗaya daga cikin masu kamfanin, Douglas Wesson, ya tafi da ita jihar Wayomin, ya harbi manyan namun dawa, domin ya nuna wa mutane abin da za ta iya. Sa'an nan akwai wani makiyayi maharbi a jihar Aidaho, sunansa Elmer Keith, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1984. Shi ne ya yi shekaru yana ƙara wa harsashi mai lamba 44 albarushi da hannunsa, yana roƙon masu ƙira su yi irinsa, har kamfanin Remington ya yi harsashin, Smith & Wesson ya yi bindigar. Ita ce 44 Magnum, ta shiga kasuwa cikin 1956. Ita ce uwa ga wannan irin farauta har yau. Cikin 1967 aka fito da wata mai suna Contender, mai cin harsashi ɗaya tak, ana karya ta a tsakiya a ɗura, kuma ana musanya mata bututu. Cikin 1983 kamfanin Freedom Arms ya fara sayar da 454 Casull, wadda ta fi 44 ƙarfi nesa. Cikin 2003 Smith & Wesson ya fito da 500 Magnum, nauyin bindigar kusan kilo 2, tana cin harsashi biyar.

Fa'ida: wannan al'ada gidanta Amurka ne, ba kowace ƙasa ke yarda da ita ba. Ingila ta hana talakawanta riƙon bindigar hannu cikin 1997. A Jamus maharbi yakan riƙe ta domin ƙarasa dabbar da aka riga aka raunata. A Nijeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka hana, ba mai riƙe ta sai da izinin shugaban ƙasa. Saboda haka kada wani na gida ya karanta wannan ya ce malam ya ba shi izini. A Amurka ma kowace jiha da dokarta: sai da takardar izini, sai cikin lokacin da aka buɗe farauta, kuma akwai adadin da ba a wucewa, wasu jihohi har sun ƙayyade ƙanƙantar harsashin da za a harbi barewa da shi. Wanda ya shiga ƙasar mutane da amana, ya kiyaye sharaɗinsu.

Fasali na biyu, cikin yadda harsashinta ke kisa

Ka sani ƙarfin harsashi daga abu biyu yake fitowa: nauyinsa da saurinsa. Amma sauri ya fi nauyi rinjaye. In ka ninka nauyi, ƙarfi ya ninku sau biyu. In ka ninka sauri, ƙarfi ya ninku sau huɗu. Kuma sauri daga tsawon bututu yake samuwa, gama albarushi yana ci yana tura harsashi muddin yana cikin bututun. Bututun libarba ta farauta inci 6 ne zuwa 8 a galibi, na doguwar bindiga kuwa ya wuce inci 20.

Ga misali. Harsashin 44 Magnum da aka fi sani nauyinsa ya kusa giram 16, yana tafiya wajen mita 400 cikin sakan ɗaya. Harsashin doguwar bindigarsu da suke kira 30-06 nauyinsa wajen giram 12 ne, amma yana tafiya fiye da mita 800 cikin sakan ɗaya. In ka yi lissafi, sai ka ga na doguwar ya fi na libarba ƙarfi wajen sau uku, ko da yake ya fi shi ƙanƙanta. To, kada faɗin baki ya ruɗe ka. Babbar libarba babba ce cikin bindigogin hannu, amma in aka jera ta da dogaye, tana cikin matsakaita ko ƙasa da haka. Sai dai irin su 454 da 500, waɗanda suka kusa kamo dogayen, su kuwa suna da wahalarsu, za mu zo gare ta.

Tun da ba ta da sauri, da me take kisa? Da huda mai faɗi, mai zurfi. Harsashin yana shiga ta bayan kafaɗa, ya keta huhu biyu ko zuciya, ya fita ta ɗaya gefen, jini ya zuba ta ƙofa biyu, dabba ta yi ɗan gudu ta faɗi. Aikinta ya fi kusa da aikin mashi da kibiya. In harsashin bai sami makasa ba, faɗinsa ba ya amfana kome. Rami ne kawai cikin ciki ko cinya, dabba ta tafi da shi ta mutu a ɓoye bayan kwana biyu.

Kuma harsashinta iri biyu ne. Akwai mai rami a ka, wanda yake buɗewa kamar fure idan ya shiga nama. Wannan ya dace da dabba mai siririyar fata kamar barewa. Akwai na darma mai tauri, mai shimfiɗaɗɗen kai, irin wanda Keith ya ƙera. Wannan ba ya buɗewa, yana karya ƙashi ya wuce. Shi ake nema ga dabba mai kaurin jiki. Wanda ya harbi babbar dabba da mai buɗewa da wuri, sai harsashin ya tarwatse a kafaɗa bai isa huhu ba.

Tanbihi: darma guba ce, kuma ɓarɓashinta yakan saura cikin naman da ke kewaye da raunin. A yanke wurin a zubar, kada a ba yara da mai ciki. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin darma baki ɗaya tun 2019, domin tsuntsaye masu cin mushe suna mutuwa da ita. Can sai na jan ƙarfe.

Fasali na uku, cikin nisa da saiti

Wannan shi ne zuciyar risalar, ka riƙe shi. Doguwar bindiga tana da madogara huɗu: hannu biyu, da kafaɗa, da kunci. Libarba hannu biyu kaɗai ke riƙe da ita, a miƙe cikin iska. Kuma tsakanin tsagar saiti ta baya da ƙusar gaba wajen santimita 20 ne a galibi. In ƙusar ta kauce da milimita ɗaya, abin da ido ba ya ko lura da shi, to a nisan mita 50 harsashi ya kauce da santimita 25. Makasar barewa kuwa, wato huhu da zuciya, faɗinta wajen santimita 20 ne, kamar faifai ƙarami. Ka ga kuskuren da bai kai ƙwayar gero biyu ba ya fitar da kai daga makasa ya kai ka tumbi.

Sa'an nan harsashi mai jinkiri yana saurin sunkuyawa. In ka daidaita saitin 44 Magnum a yadi 50, to a yadi 100 ya sauka da faɗin tafin hannu ko fiye, a yadi 200 kuwa ya sauka fiye da kamu guda. Saboda haka masanansu ke cewa mai saitin ƙarfe ya tsaya wajen yadi 50, mai madubin hange da madogara ya kai yadi 100 in ya gwanance. An ba da labarin waɗanda suka harba nesa da haka suka samu, amma hukunci ba a gina shi bisa abin da ya auku sau ɗaya.

Awon da za ka auna kanka da shi ke nan: ka kafa faifai, ka ja da baya, ka harba sau goma. Nisan da goman duka suka shiga faifan, shi ne iyakarka. Abin da ya wuce nan ba naka ba ne, ko da kana ganin dabbar sarai. Kuma ka nemi madogara tutur, ko kututture, ko sanduna biyu da aka gicciye, ko gwiwoyinka kana zaune.

Kuma ka san bindiga tana shuri gwargwadon ƙarfinta. Mai 500 tana bugun tafin hannu har ya yi tsami. Wanda ya ji zafin shuri sau biyu, sau uku, sai jikinsa ya koyi tsoro, ya riƙa runtse ido yana noƙe hannu kafin kunama ta saki, harsashi ya tafi ƙasa. Wannan cuta ce mai wuyar magani. Cikin 1971 wani wasan majigi ya ɗaukaka sunan 44 Magnum, mutane suka yi ta saye domin suna, da yawansu suka harba kaɗan suka ajiye. Mai 357 da ke samun faifai ya fi mai 500 da ke kuskurensa. Ka fara da ƙarama, ka hau a hankali, kamar yadda yaro ke farawa da bā, sīn kafin a ba shi izu.

Abu biyu kuma ka kiyaye. Ƙararta tana kashe ji, kuma jin da ya tafi ba ya komowa, sai ka toshe kunne. Sa'an nan tsakanin ganga da bututu akwai 'yar kafa inda wuta ke fita da ƙarfi, kada yatsanka ya kusance ta, gama a manyan nan tana iya yanke shi.

Na tuna ina yaro na ga maharban ƙauyenmu suna ɗaura kan burtu a goshi, su rufa da baƙin zane, suna rarrafe suna sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su isa kusa da gada da adakarsu. Sun san makaminsu ba ya cin nesa, sai suka cike gurbin da haƙuri, da sanin inda iska ke kaɗawa. Mai libarba a Amurka ɗan'uwansu ne cikin wannan. In ba ya iya sanɗa, ya ɗauki doguwa.

Fasali na huɗu, cikin ƙananan dabbobi da manya

Amma ƙanana, kamar zomo da kurege, harsashin Magnum cikakke ɓarna ne gare su. Zomo duka bai wuce kilo ɗaya ko biyu ba. Mai buɗewa in ya same shi a jiki, ba ya barin abin da za a sa a tukunya. Mafi dacewa da su shi ne 22, mai nauyin giram 3 ko ƙasa. Amma wanda ba shi da bindiga sai babba, akwai masa mafita. Libarba mai 357 Magnum tana cin harsashin 38 Special, mai 44 Magnum tana cin 44 Special, gama faɗinsu ɗaya ne, kwanson ne ya fi gajarta, albarushi kaɗan. Sai ya ɗura mai sauƙin, na darma marar rami, ya matso kusa, ya nufi kai. Wannan yana huda ya wuce, nama ya tsira. Kuma kada a harbi abin da ke bisa reshe da harsashi mai nauyi, gama in ya kuskure yana tafiya fiye da mil guda, ba ka san kan wa zai sauka ba.

Amma matsakaita, kamar barewarsu mai farar wutsiya, 357 ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake yarda da shi, ita ma sai kusa. 44 ita ce daidai. Amma manya, kamar wadda suke kira elk, mai girman doki, da wadda suke kira mus, wadda ta fi ta, sai 44 da harsashi mai nauyi mai tauri, ko 454, ko abin da ya fi. Kuma a jira har dabba ta ba da gefenta. In ta ba ka baya, ko tana gudu, ko ciyawa ta rufe kafaɗarta, ka sauke hannu. Komawa gida hannu wofi ba abin kunya ba ne.

Mutanen Alaska sukan rataya babbar libarba a ƙirji saboda dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu. Wannan tsaron kai ne, babinsa dabam. Aladen dawa kuwa da suka yi yawa a jihar Tekzas, ana kashe su domin ɓarnar gona, amma namansu haram ne ta kowace hanya aka kashe.

Fasali na biyar, cikin hukuncin abin da ta kashe

Asalin babin shi ne abin da Adiyyu ɗan Hatimu ya tambayi Manzo, tsira da aminci su tabbata gare shi, game da sandar jifa mai tsini. Ma'anar amsar: abin da tsinin ya huda a ci, abin da gefen ya buge ya mutu kada a ci. Saboda haka malamai suka hana abin da dunƙulen yumɓu ya kashe, gama bugu ne. Da harsashin darma ya bayyana, malaman baya suka saɓa. Wasu suka ƙiyasta shi da yumɓu suka hana. Wasu, kamar Ibnu Gazi da Shehu Abdulƙadir Alfasi, suka halatta, domin yana huda, yana zubar da jini, yana gaggauta mutuwa. Dasuƙi ya kawo wannan cikin hashiyarsa bisa sharhin Dardiri, kuma bisa halasci ake aiki.

Sharuɗɗa kuwa ga su. Maharbi ya zama Musulmi mai hankali, gama a mashhurin mazhabar Maliku ba a cin abin da wanda ba Musulmi ba ya kashe da harbi, ko da wasu mazhabobi sun sauƙaƙa ga ma'abota littafi. Dabbar ta zama ta dawa, wadda ba a iya kamawa sai da wahala. Ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah sa'ad da zai ja kunama. Harsashi ya raunata har jini ya fito. In ya iske ta da rai, bai riga ya keta makasarta ba, sai ya yanka.

Mas'ala: in ya yi jinkirin binta har ta mutu, alhali da ya gaggauta da ya iske ta da rai, ba a ci. Haka in ya bar wuƙarsa cikin jaka ko hannun wani, ta mutu kafin ya ɗauko. Haka in ta faɗa ruwa, bai san harsashi ya kashe ta ko ruwa ba. Haka in ta ɓace masa ta kwana, a mashhuri, ko da yake an sami mai sauƙaƙawa in aka ga makami ya keta makasa. To, maharban Amurka sukan jira rabin sa'a kafin su bi jini, in harbin ya sami tumbi har sukan bari sai safe, don kada dabbar ta firgita ta yi nisa. Ka ga mugun harbi yana jefa Musulmi tsakanin abu biyu: in ya bi ta nan take ta tsere, in ya bar ta ta kwana ta zama abin shakka. Maganinsu duka kusanci ne da kyakkyawan saiti tun farko.

Mas'ala: Halilu ya ambata cikin Muhtasar cewa abin da makami ya cire daga dabba, in bai kai rabi ba, mushe ne, sai fa kai. Masu sharhi suka ce wannan in cirewar ba ta kai ga makasa ba. Saboda haka in babban harsashi ya fille ƙafar zomo, ka kama shi ka yanka, zomon halal ne, ƙafar kuwa a yar.

Mas'ala: mai Risala, Ibnu Abi Zaidin, ya ce farauta domin wasa makaruhi ce, domin wanin wasa kuwa halal. Wanda ke harbi don ƙaho ya rataya a bango, ya bar nama ga ungulu, ya duba kansa. Dokar jihohi da yawa a can ma ta hana barin naman abin da aka harba ya lalace.

Fasali na shida, shi ne cikawa

Ya zo cikin ingantaccen hadisi cewa Allah ya wajabta kyautatawa cikin kome, har cikin kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Wasa wuƙar mai libarba shi ne ya yawaita gwaji bisa faifai kafin ya fita, ya zaɓi harsashi daidai da dabba, ya matso har inda ba ya shakka, ya san abin da ke bayan abin da yake hari.

Saboda haka amsata gare ka, ya ɗana: ka bi su shekarar bana da wuƙarka a ɗamara, ba da bindiga ba. Ka koyi bin sawu da karanta iska, ka taya su jan nama. Ka nemi takardar izini, ka koyi harbi wurin masu koyarwa. In baɗi ta zo, goma sun shiga faifai a yadi 50, ka fita da bismilla. In ba su shiga ba, ka ɗauki doguwa, ko ka sayi rago.

Allah shi ne mafi sani. Wanda ya ga kuskure cikin wannan ya gyara da alheri, wanda ya kwafa ya kiyaye lambobin, kada ya musanya ɗaya da ɗaya. Allah shi gafarta wa mai rubutu, da mai karatu, da iyayenmu, da malamanmu. Amin.

Tammat bi hamdillahi.